Hoton Matan Fada

"Wane hoto kinka sa cikin takardun, Riskuwa?"

Riskuwa ta ci gaba da tsintar shinkafa kamar ba da ita ake ba. Mijinta Labbo yana zaune a tabarma, ƙafarsa ta hagu a miƙe, ta kumbura har tana sheƙi. A hannunsa akwai wasiƙar hukumar likitocin soja, wadda malamin makarantar Gulma ya gama karanta masa.

"Da ke nika magana..."

"Na ji, Baban Laure."

Tun yaƙin basasa ɓaraguzan bam ke zaune a cinyarsa. Ranar sallamarsa daga soja likitoci suka duba shi tsaitsaye, suka rubuta wai rauninsa kashi goma ne cikin ɗari. Mai kashi goma kuwa ba a kai shi asibitin soja a yi masa aiki, sai dai ƙwayoyi da "Allah ya sawwaƙe." Shekara takwas yana jan ƙafar, bana ta fara ruwa. Shi ne suka ɗaukaka ƙara, ko a sake duba shi kafin ta lalace.

Ita ta kai takardun Birnin Kebbi, don shi zaman mota ya gagare shi. Malam Abdussamadu mai rubuta wasiƙa ya ce sai da hoto. Biyu ta naɗo a ɗankwali. Ɗaya a ɗakin shan magani aka ɗauka, Labbo ya yaye wando, ciwon a fili, fuska a yamutse. Ɗayan na bikin kamun kifin Argungu ne na bara.

Bikin nan ma ita ta jawo shi. Matan unguwa sun ishe ta da "matar gurgu," ta yi ta roƙonsa ya shiga ruwa ko sau ɗaya. Kowane ɗan Kabi ya san mai gora ba ruwansa da ƙafa: ka kwanta a kan gora, ruwa ya ɗauke ka, hannu ya yi aiki da koma. Labbo ya kama giwan ruwa a kogin Matan Fada, aka ɗauke shi hoto ruwa iya ƙugu, kifi a kafaɗa, yana dariya. Ciccibarsa aka yi zuwa gida, ya yi sati uku a kwance, amma wannan bai fito a hoton ba.

A rumfar Malam Abdussamadu ta dubi hoton ciwon, ta tuna baƙin maza za su kewaye tebur suna kallon cinyar mijinta. Kunya ta rufe ta. Kuma, a faɗi gaskiya, tana so su ga nata da kyansa. Ta miƙa na kifin.

"Na Matan Fada nis sa," ta amsa wa Labbo.

"Na sani. Sun ce mai ɗaukar kihi irin wanga ba nakasasshe ba na. Sun ruhe ƙara."

"Su ba su san gora ba! Mu sake rubutawa, ga ɗayan hoton nan..."

"Sau guda aka ɗaukaka ƙara, Riskuwa."

Farantin ya suɓuce mata, kaji suka yi ca a kan shinkafar, ba wanda ya kore su. Da zaginta ya yi, da ta fi samun sauƙi. Sai kawai ya naɗe wasiƙar ya ajiye.

Bayan wata biyu aka yanke ƙafar daga cinya. Ranar da aka dawo da shi gida, Riskuwa ta ciro hoton kifin, wanda hukumar ta maido musu, daga ƙasan akwati, za ta yaga shi. Ya riƙe mata hannu.

"Sake ni, rabin raina. Ni nic ci maka ƙahwa."

"Yaƙi yac ci ta, ba ke ba."

"Da ban ji kunya ba..."

"Rannan ina cikin ruwa nij ji guɗarki, duk hayaniyar ga ba ta danne ta ba. Tun da nid dawo yaƙi ban sake jin ni namiji na ba sai rannan." Ya share mata hawaye da babban yatsa. "Rataye shi ga bango."

"In dinga kallonai kullum?"

"Ba don ke ba, don Laure. In ta girma ta tambayi ina ƙahwar babanta, ki nuna mata. Duka biyu suna nan cikin ruwa."