Mai Shara Ya Zo Neman Sunana

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ɗan ƙanena ya yi mini abin da har yau bai ba ni haƙuri a kansa ba.

Gab da magariba na je ofishinsa, don shi ya roƙe ni. Ya ƙirƙiro yaren kwamfuta da Hausa, yana so in gyara masa nahawun saƙonnin da ke fitowa idan an yi kuskure. Ni da na ƙare ƙuruciyata a gaban allo ina koyar da nahawu, ban ga abin ƙi ba.

Ya ja mini kujera. "Gwaggo, wannan shi ne tafinta. Na'ura ba ta jin maganarmu. Shi ke karanta layi, ya yanyanka shi kalma-kalma, ya gane wace ke riƙe da wace, sannan ya aikata."

"Fiɗar jimla ke nan. Yaran aji huɗu ma suna yi."

Ya yi dariya. "Akwai kuma mai shara a cikinsa. Duk abin da aka ajiye a ƙwaƙwalwar na'ura, yana bi ya duba ko akwai mai kiransa daga waje. In babu, ya share shi, wuri ya samu. Abin da ke kiran kansa da kansa ba ya cikin lissafi."

Sai ya ce bari ya nuna mini. Bai nemi izinina ba. Ya rubuta cikakken sunana, na yanka da na mahaifina, ya ɗaura shi a kan kalmar gwaggo. A layi na biyu ya rubuta cewa gwaggo yanzu babu ce.

"Kin gani? Na yanke igiyar. Sunan na nan a ciki, amma ba mai kiransa."

"Kai, goge wannan rashin kunyar."

"Ai mai shara zai goge," in ji shi. Wayarsa ta yi ƙara, ya fita baranda, ya ja ƙofa.

Fanka ta tsaya. Ba wuta aka ɗauke ba, don allon kwamfutar na nan da haskensa. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, irin na ajin da aka yayyafa wa ruwa kafin shara.

Sai na ji tsintsiya.

Shaa. Shaa. Daga bayan kabad. Kafet ne a ɗakin, amma ƙarar ta siminti ce.

Rubutu ya fito a allon shi kaɗai: ana neman mai kira.

"Wa ke kiranki?" Muryar ƙasa-ƙasa take, dab da kunnena na hagu, kamar ta mai mura.

"Ɗalibaina," na ce. "Ba sa ƙirguwa."

"Malama suke cewa."

Shaa.

"'Ya'yana."

"Mama."

"Mijina."

"Wannan na share shi tuni."

Tsinken tsintsiya ya taɓa yatsun ƙafata. Sanyi ƙalau. Na duba. Takalmi na gani, ba ƙafa.

Na faɗi sunana da ƙarfi, kamar mai kiran yara a aji.

"Mai kiran kansa ba ya cikin lissafi."

Shaa. Idon sawu.

Shaa. Gwiwa.

Na kira ɗan ƙanena. Murya ta ƙi fita. Ina hango shi ta gilashi yana ƙyaƙyatawa da waya a kunne.

Sai tawa wayar ta yi ƙara a jaka. Da ƙyar yatsana ya same ta. Yayata ce, wadda ta goye ni, wadda tsufa ya sa ba ta gane jikokinta. Ta rangaɗa mini sunana na yanka, ta ce, "Ke, ina kika kai mini tabarau?"

Tsintsiyar ta tsaya.

Allon ya rubuta: mai kira ɗaya.

Fanka ta ci gaba da juyi.

Da ya dawo na faɗa masa komai. Amsarsa ita ce, "Gwaggo, kin sha maganin hawan jininki kuwa?" Don ya rufe mini baki ya sake rubuta sunan, ya kuma rubuta shi ba daidai ba, ya bar harafi ba lanƙwasa. Sunan wata ya ceto, ba nawa ba.

Tun daga ranar, mai shago yakan tsallake ni ya sallami na bayana. Jikata ta jera faranti ba nawa, ina zaune a gabanta. Duk magariba tsintsiya na zuwa bakin ƙofata ta dakata. Makon jiya kuma aka kwantar da Yaya a asibiti, maganarta ta fara sarƙewa.

Na yi wa ɗan ƙanena waya, ya ce yana mitin. Na aika ƙanena, ya dawo yana cewa, "Yaya, yaro ne, ki yafe." Shi ma Yaya ya ce mini, ba sunana ba.

Ba kuɗi nake nema ba, ba kuma kwandon lemo da ya aiko ba. Ina so ya tara dangi da abokan aikinsa, ya tsaya a gabansu da lasifika, ya ce ya yi mini laifi, ya nemi gafarata. Kada ya ce Gwaggo, kada ya ce Malama. Ya kira cikakken sunana, ya furta kowane harafi yadda yake, duk wanda ke wurin ya maimaita bayansa. Kuma ya yi shi tun Yayata na iya magana.