Ke, Hau Mu Tafi

Sha'aban direban tifa ne, mutumin wani ƙauye a bayan Gezawa. Da bazara, in manoma suka fara duban gabas, aikinsa ɗaya ne: ya kwaso taki daga tsofaffin jujin bakin birni ya kai gonaki. Aiki ne mai wari, amma shi ke ci da gidansa.

Yana da 'ya guda, Aina'u, yarinyar da ko haƙoran gaba ba su gama tsiro mata ba. Ba abin da take so a duniya irin gidan gaban tifar nan. Ranar da abin ya faru ana hutun makaranta, tun da sassafe ta riƙe masa ƙafar wando ta ƙi saki.

Luba, uwarta, ba ta so ba.

"Baban Aina'u, juji fa za ka. Wurin da ko babba sai da bismilla yake takawa."

"A mota za ta zauna, ba inda za ta sauka."

"To don Allah kada magariba ta yi muku a waje."

"Kafin la'asar sakaliya muna gida," in ji shi, har da dafa ƙirji.

Ya ɗaga ta cak ya ɗora a kujera, kamar yadda ya saba. Dole ma ya ɗaga ta, don matakin tifar ya kawo mata iya wuya, mariƙin ƙofa na waje ko ta yi ɗage ba ta kai shi, na ciki kuwa tuni ya karye, sai an zagayo ake buɗewa.

Yini guda tana cika masa kunne. Duk ƙauyen da suka ratsa sai ta ce, "Baba, hon," shi kuma ya danna, yara su watse tana ƙyalƙyala dariya. Ƙafafunta ba sa kai ƙasa, sai ta yi ta buga dunduniya a jikin kujera. Ya saya mata mangwaro a bakin titi, ta shafe fuska da shi, gidan gaba duk ya ɗauki ƙamshi.

Da la'asar ya kamata su juya gida. Sai ga wani manomi, Malam Gana, ya roƙe shi ya kai masa lodi ɗaya kafin ruwa ya sauka. Sha'aban ya dubi rana, ya tuna da Luba, ya ce wa kansa ai yanzu zai je ya dawo. Ya san ƙarya yake, wallahi ya sani.

Jujin da aka nuna masa a bayan Ungogo yake, tsoho ne da ba a taɓa taɓawa ba, ana so a share a yanka filaye. 'Yan lodi suka haƙa har cikinsa. Tokar da ke fitowa daga can ƙasa da ɗuminta, alhali ba wanda ya tuna ranar da aka kunna wuta a wurin.

Rana ta yi ja lokacin da suka shiga gonar Malam Gana. Babu kowa, mai gonar ya wuce masallaci. Sha'aban ya ɗaga bodin tifar, taki ya zubo da wani irin gunji, toka ta turnuƙe wurin.

"Baba, fitsari zan yi."

Ya zagaya ya sauke ta, ta ruga bayan wani gawo. Nan wayarsa ta yi ƙara. Mai motar ne, yana faɗa a kan har yanzu ba a kai mota gareji ba. Sha'aban ya hau ya zauna, waya a kunne, yana ba da haƙuri yana rantse-rantse. Ya sauke bodi. Ya ji motsi a gefen mota. Ko waiwayawa bai yi ba.

"Ke, hau mu tafi."

Ƙofa ta buɗe. Ƙofa ta rufe. Ya sa giya.

Ke fa ya ce. Yarinya da sunanta, sunan da shi da bakinsa ya raɗa mata a kunne ranar da ta zo duniya, amma ya jefa "ke" cikin almuru kamar mai korar akuya. Kowace tsohuwa a ƙauyensu za ta gaya maka ba a kiran yaro da magariba sai da sunansa, don ba shi kaɗai ke ji ba.

Ya kama burtali, hanyar shanun nan da ta ratsa tsakanin gonaki, shingen aguwa hagu da dama yana karzar jikin mota. Sai da ya yi nisa ya gama wayar. Daga wani ƙauye can ana kiran salla. Ya san yanzu Luba na tsaye a zaure tana leƙen hanya.

"In mun je gida ki ce wa Umma taya ce ta fashe mana, kin ji ko?"

Shiru.

Ya ɗauka fushi take don bai kula ta ba. Suka ratsa 'yan gidaje, yara na ɗaga hannu. Ba wanda ya ce masa hon. Ba dunduniyar da ke buga kujera.

Motar kuma ta yi nauyi. Babu kaya a bayanta, amma tana nishi kamar mai hawan tudu, tana karkata ta ɓangaren da yarinyar ke zaune. Ƙamshin mangwaro ya ɓace. Abin da yake shaƙa yanzu warin toka ne, irin na murhun da aka kashe da ruwa.

A nan tambayar ta faɗo masa.

Wa ya ɗora ta?

Ya saci kallo ta wutsiyar ido. Hijabi irin na Aina'u, amma ya koɗe kamar tsumman da ya shekara a binne. Fuskar na kallon taga. Ƙafafun ba takalmi, furu-furu da toka, yatsun dogaye. A sandare suke.

"Aina'u?"

"Ba sunana ke nan ba."

Muryar ƙasa-ƙasa take, kamar ana magana cikin tulu.

Ya taka birki, motar ta tsaya tana karkarwa.

"Wace ce ke?"

"Kai ka ce in hau."

"Ina 'yata?"

"Inda ka bar ta. Ta biyo mota da gudu tana kiranka. Kana waya."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsoro ya kama shi, amma kunya ta fi tsoron zafi. Ya ga 'yarsa a zuci, tana gudu cikin ƙurar motar ubanta.

"Barci nake a gidanmu kuka kwaso ni da shebur," in ji muryar. "Babana yana bin sawun tayarka. Ya kusa isa gonar."

"In ya je bai same ki ba fa?"

"Zai sami yarinya."

Burtalin ba ya juyuwa, faɗin mota ne kawai. Sha'aban ya sa ribas, ya zuro kai ta taga, ya yi ta komawa da baya cikin duhun da ke sauka. Aguwa na karyewa, ruwanta na fantsamo masa a fuska. Ya fara Ayatul Kursiyyu, ayar da ya haddace tun yana allo, ta yi ta kakkarye masa a baki yana sake ɗaukowa.

Ya faɗa gonar da baya, ya murza sitiyari, fitilu suka haska gindin gawo.

Ga Aina'u zaune a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa.

Kusa da ita wani abu ne a tsugune. Ko a tsugunen, kansa na taɓa rassan gawo. Hasken fitila ba ya zama a jikinsa, ratsawa yake kamar hayaƙi. Hannu ɗaya ya nutsa cikin tulin taki har kafaɗa yana lalube. Ɗayan ya kewaye Aina'u da shi.

Gyare ya daina kuka. Ba a jin komai sai injin.

"Sauka," Sha'aban ya raɗa. "Don Allah sauka. Ga babanki can."

"Ba ta buɗuwa ta ciki."

Ya sauko. Ya bi ta gaban mota yana dafa ƙarfe, ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar.

Ta miƙo masa hannuwa biyu, daidai yadda Aina'u ke yi.

Ya runtse ido ya ɗauke ta.

Nauyinta kamar buhun gero. Zafi kuwa irin na tokar da ke ɓoye garwashi, yana cin fatar hannunsa a hankali. Numfashinta na sauka a wuyansa. Ya taka, idonsa a ƙasa, har ya ga inuwar ta rufe masa yatsun ƙafa. Ya dire ta.

Laluben ya tsaya.

Hannun ya fito daga cikin takin, ya yi ta fitowa. Ya wuce ta gefen kunnensa, ya ɗauke yarinyar a hankali, kamar yadda ake ɗaukar jariri.

Ɗaya hannun bai motsa daga jikin Aina'u ba.

Daga can sama, cikin rassa, aka yi magana.

"Kira ta."

Muryar ta ƙara da cewa:

"Da sunanta."

"Aina'u," ya ce. "Aina'u, zo. Ni ne."

Hannun ya janye. Sha'aban ya sure ta ya ruga, bai waiwaya ba. Ta ƙofarsa ya shiga da ita, a cinyarsa ya ɗora ta, ya ja mota da hannu ɗaya. Motar ta yi sakayau kamar ba ita ba.

Sai da suka hau kwalta ta yi magana.

"Baba, na yi ta kiranka."

"Na sani, uwata. Ki yafe min."

"Shi ya ce in daina kuka. Ya ce ba a barin yaro shi kaɗai da magariba. Ya ce zai zauna da ni har ka tuna."

Sha'aban ya yi kuka a kan sitiyari, kuka sosai, da majina.

Bai yi wa Luba ƙaryar taya ba, komai ya faɗa mata a tsaye a tsakar gida. Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi 'yarta ta shige ɗaki, shi kuma da ma zaginsa ta yi da ya fi samun sauƙi. Liman ya zo ya yi wa yarinyar tofi, aka duba ba ko ƙwarzane a jikinta. Shi ne dai fatar hannuwansa ta koma ruwan toka daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, sabulu bai fitar ba. Ya bar aikin taki, ya koma jan motar hatsi zuwa Dawanau. Har yau ba ya sa giya sai ya juya ya dubi kujerar gefensa, ko da shi kaɗai ne.

Aina'u ba ta sake cewa za ta bi shi ba.

Ranar da ruwan farko ya sauka, da magariba, aka yi wata tsawa da ta girgiza kwanon ɗaki. Yana alwala ya ji ta tsala ihu tana kiran Baba. Ya yar da buta ya ruga ba takalmi, ya same ta raɓe a bakin rumbu, ya durƙusa a gabanta cikin ruwa.

"Ga ni, Aina'u. Ga ni nan."

Ta dube shi. Sannan ta ɗaga kai ta dubi bayansa, can sama da katanga, tana nema.

"Ba kai ba," ta ce.