Sandar Duba-Gari

Ranar da Hajjo ta fara ganin Lukuman, ko kallonta bai yi ba, rufin ajinta yake kallo. Duba-gari ne daga Kalgo, an turo shi makarantun firamaren Gwandu ya koya wa malamai gane haɗari tun bai auku ba.

"Malama, karɓi sandar nan ki bubbugi katakon can. Me kika ji?"

"Kamar ganga," ta ce.

"Gara ta cinye cikinsa ke nan. Yara nawa ke zama a nan?"

"Sittin da biyu."

Sai a lokacin ya dube ta, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ai shi ke nan! Kafin wata biyu babur ɗinsa ya fi sanin ƙofar gidansu a kan ta ofis.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Mahaifinta, Malam Sambo kafinta, shi ya yi rufin nan, kuma shekara talatin ba a taɓa kushe aikinsa ba. Da ya ji Lukuman ya rubuta a rufe ajin, ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Wanda ya zubar min da mutunci a gari zan ba 'yata? Ya janye takardarsa, ko ya ɗauke ƙafa daga gidana."

Hajjo ta aika wa Lukuman ya janye ko don ita. Direban motar Kalgo ya kawo mata amsa:

"Hasken idona, wallahi tun da aka hana ni ganinki abinci ba ya min daɗi. Amma ba zan janye ba. In na same ki da ƙarya, rufin ya faɗo kan 'ya'yan mutane, da wane ido zan dube ki? Naki, Lukuman."

Ta yi kuka har ta gode Allah, gani take ya fi son takarda a kanta. Hedimasta kuwa, da yake aminin babanta ne, ya jefa takardar rufe ajin a durowa. Ga damina ta kawo kai.

Wata safiya iska ta taso, rufin ya yi ƙara. Hajjo ta dubi kawunan yaran nan. Ta kwashe su zuwa gindin darbejiya. Da aka tashi daga makaranta ta ɗauki sandar da Lukuman ya bar mata, ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ba don Lukuman na zo ba. In ka ce in bar shi, na bar shi. Amma ka zo ka buga da hannunka. Kunnenka ya fi na kowa sanin katako."

Bayan la'asar ya je. Sau ɗaya ya buga. Ya danna da yatsa, sai garin katako ya zubo masa a hannu.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Da na kashe 'ya'yan mutane saboda girman kai."

Washegari da kansa ya kware rufin.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Malam Sambo ne ya rufa ɗakin amarya, ya kira ango ya miƙa masa sandar.

"Bubbuga."

"Haba Baba, aikinka ne fa."

"Buga na ce. 'Yata za ta kwana a ƙarƙashinsa."

Lukuman ya buga, katako ya amsa da ƙarfinsa. Hajjo na bayan labule tana share hawaye.

"To, ga amana nan," in ji tsohon. "Allah Ya rufa muku asiri, Ya ba ku zuri'a ta gari."