Ranar da Ƙararrawar Gada Ta Yi Shiru

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, sannan ku matso, don wannan ba ta dariya ba ce.

A garinmu Wirrabong, bakin tekun Ostareliya, kowa ya san halin tsohuwar gadar kan mashigi. Jirgin masunta ya busa ƙaho sau uku, mai gada ya kaɗa ƙararrawa sau biyu don masu tafiya a kanta su sauka, sannan gada ta ɗaga. Motoci kuwa su yi layi har ƙofar makaranta. Shi ya sa hukuma ta ce za a rushe ta a gina ta siminti, kuma gidan mai gada ma yana cikin rusau.

Ran Talata da hantsi aka kira Sufeto Noelene Pratley. Ta tarar da gada a ɗage, an tsamo gawar Graham Tully, injiniyan da aka turo awon sabuwar gada. Yana tsakiyar tsohuwar gadar da na'urarsa ta awo aka ɗaga ta, ya zame ya faɗa.

Mai gada, Desmond Kettridge, na tsaye a ƙofar ɗakin inji. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga. Shekararsa talatin da ɗaya a aikin.

"Baba Des, wa ya ɗaga?"

"Ni mana. Wa kike da shi ban da ni?"

"Ka kaɗa ƙararrawa?"

"Sau biyu. Bai ji ba, ni kuma ban gan shi ba. Kawo ankwarki, 'yata, kada mu ɓata wa juna lokaci."

Sufeto ta saba ganin masu gudun ankwa, ba masu roƙonta ba. Ta dubi ƙafarsa. Takalmin fita unguwa ne, a jiƙe sharkaf, wandon ma har gwiwa.

Ta gangara wurin Beryl mai soya kifi a gindin gada.

"Ƙaho dai na ji, na jirgin Stavros," in ji Beryl. "Ƙararrawa? Ko kusa! Ke, da ita nake zuba kifi a mai, don na san direbobi za su maƙale su fito saye. Yau sai gani na yi gada ta miƙe, kaskona wayam. Tun ina budurwa Des bai taɓa yi mini haka ba."

Stavros masunci na bakin mashigi yana ɗaure jirginsa.

"Na ji ƙararrawa, na rantse!"

"Da kunnen da injinka ya cinye?" Sufeto ta nuna masa ƙetaren ruwa, inda motar Baba Des take a layi. "Gada ba ta sauka ba tun safe. Mai motar can fiffike gare shi?"

Stavros ya share gumi. "Ni na haye da shi a kwalekwale bayan abin ya faru. Roƙona ya yi. Duk Talata yana asibiti, zuciyarsa ce. Mun rufa masa asiri kada a kore shi."

"Wa ke ɗaga muku ran Talata?"

"Ranki ya daɗe, mu dai mu busa, gada ta ɗaga."

Sufeto ta shiga ɗakin inji. Igiyar ƙararrawa can sama take, daidai hannun dogo. Amma an ƙulla mata ƙari da shuɗiyar igiyar shanya, ƙullin har ya yi baƙi don daɗewa. Ta leƙa ta taga. A bayan gidan mai gada, kayan wanki na lilo a kan shuɗiyar igiya.

Ta zarce gidan. Maureen, matar Des, gajeriya ce, ba ta kai kafaɗar Sufeto ba. Maureen ta riga ta ɗora shayi.

"Inna Maureen, Talata nawa kika ɗaga gadar nan?"

"Shekara biyu."

"Kin taɓa manta ƙararrawa?"

"Ban taɓa ba. Yau ma ban manta ba."

Baba Des ya faɗo ɗakin yana haki. "Maureen, yi shiru!"

"Kai dai yi shiru, tsoho. Shekara arba'in muna tare, ƙarya ɗaya ba ka iya ba." Ta juya ga Sufeto. "Jiya mutumin nan ya shigo lambuna, ya kafa turke mai jan ƙyalle a gindin bishiyar lemon da muka binne tokar gawar ɗanmu Colin. Na ce masa Colin yana nan. Ya ce, 'Yi haƙuri, Mama, ni awo aka aiko ni.' Yau Stavros ya busa, na kama igiya, sai na hango shi a kan gada. Na ce bari ya tsorata, na'urarsa ta faɗa ruwa. Na saki igiyar, na ja inji."

Maureen ta dubi tafin hannunta, ta ci gaba.

"Na'urar tana nan, ta maƙale a ƙarfe. Ko ƙwarzane ba ta yi ba."

Sufeto ba ta fito da ankwa ba. Ta jira Maureen ta kashe murhu, ta nuna wa mijinta inda maganinsa yake, sannan ta kama hannunta suka fita.

Ƙurunƙus. An yanke wa Maureen shekara bakwai. Graham Tully ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. Stavros ya sha tara, Beryl ta rufe kaskonta, don yanzu ba motar da ke tsayawa. Sufeto Pratley da kanta ta tone tokar Colin kafin rusau, ta kai wa ubansa. Baba Des kuwa yana ɗakin haya, duk Lahadi yakan haye sabuwar gada cikin minti ɗaya ya je gidan yari ganin matarsa.