Yashin Cikin Garkuwar Akori-kura

Ku matso, ku rage murya. Ni Sallau, yayanku, ban taɓa gudun aljani ba. Su ne ma ke kauce mini a hanya. Ke Tasalla, daina wannan murmushin.

Lokacin ina ƙira a bakin tasha, ba wanda ya kai ni iya yi wa akori-kura garkuwar gaba, ƙarfen nan da ke tare fitilu da lagireto in mota ta yi karo da saniya. Ba irin na yanzu ba da ake ɗiga wa walda kamar kashin kaza. Bututu mai kauri za ka samu. Ka ɗura masa busasshen yashi, ka toshe bakinsa biyu da katako. Ka gasa shi ya yi ja, ka lanƙwasa a jikin kututturen giginya. Yashin ne ke hana shi lotsewa. Sai sandunan tsaye, ka huda, ka zura ƙusa mai zafi ka doke kanta.

Doka ɗaya ce maigidana ya bar mini: in ka gama, ka juye yashin, ka mayar inda ka ɗebo.

To, Jatau direba, baban Tasalla, ya kawo motarsa. Na ɗebo yashi a busasshen rafin Gangare, mai laushi kamar gari. Na yi aiki. Rafin da nisa, rana da zafi. Na ce bari in bar yashin a ciki, ai ƙarin nauyi ne. Dabara ce, ba lalaci ba.

Muka fita gwaji, ni da Jatau. Rana tsaka. Ko tsuntsu ba ya motsi.

Muna shiga rafin, mota ta mutu.

Sai garkuwar ta fara ƙara. Shuuu. Kamar ana sheƙar gero a cikinta.

Ga wani dattijo tsaye a gabanmu. Doguwar riga, ba takalmi. Na dubi bayansa. Ba sawu ko ɗaya. Yashi ne ke zuba daga ƙafar wandonsa, a hankali, bai tsaya ba.

Ya kara kunnensa a jikin bututun.

“Sannunku,” in ji shi. Muryarsa kamar ana jan tsakuwa a faranti.

“Yauwa, Baba.”

“Shimfiɗar 'ya'yana ce a ciki. An gasa ta. An rufe.”

Jatau ya kama salati.

“Wa ya ɗiba?” in ji dattijon.

Ni kuwa na fito, na daki ƙirji. Na ce, “Ni ne, Baba. Ni na ɗiba, ni na rufe.” Ya daɗe yana kallona. Ya ce namiji irina ba a taɓa shi. Ya shafa garkuwar, mota ta tashi da kanta. Muka tsira lafiya lau. Don haka kada ɗayanku ya bi rafin Gangare shi kaɗai da rana tsaka, don ba kowa ke da zuciyata ba.

“Yaya Sallau,” in ji Tasalla.

“Na'am.”

“Ni ke tuƙa tuwon Baba. Sau biyu nake tankaɗe garin.”

“Allah ya yi miki albarka.”

“Kwano ɗaya kuke ci da shi. Kullum kai kake kawo masa nama, ba wanda ya sa ka. Kai kana haɗiya sumul, shi kowace loma sai ya tauna yashi. Haƙoransa duk sun gutsire.”

“Tsufa ne, ƙanwata.”

“Tun ranar gwajin nan ne. In kai ka amsa laifin, me ya sa shi ke ci?”

Na nemi hulata, ashe tana kaina. Daga zaure muka ji Jatau ya tsaya da tauna, ya tofar, ya ci gaba.

“Yaya,” ta ce a hankali, “da dattijon ya tambaya, wa ka nuna?”