Mai Ɗinkin Pauwa

Tun da aka kafa garin Kankara ba a taɓa zaluntar wani magidanci kamar yadda aka zalunci Malam Mani ba. Shi da kansa ya yi wannan binciken, yana zaune a tsakar gidansa da hantsi, riga a cinya, allura a hannu. Mutumin da har yau in ya ratsa kasuwa sai an juyo an sake kallon karin hularsa, wai shi ne kwana uku yana yawo wuyan riga a buɗe saboda maɓalli ɗaya ya tsinke. Ya lashi zaren nan ya fi sau goma, ya kanne ido, ya auna, zaren ya bi ta gefe kamar da gayya.

"Rukayya, zo ki zura mani zaren nan."

Ɗiyarsa, wadda saura sati biyu bikinta, ta leƙo daga kicin ido a kumbure.

"Baba, ka kai wa Hajiya Nana ta Pauwa mana. Ai ita ce ƙwararriya."

Ta koma ciki. Ka ji fa, har 'yar cikinsa. Uwar kuwa, Suwaiba, ta rufe kekenta na ɗinki da zani tun ranar Laraba, ta yi yaji zuwa gidan wanta a Faskari. A kan me? A kan 'yar maganar da ba ta taka kara ta karya ba, wadda ta ɗan daɗe kaɗan. Shekara ashirin da huɗu kawai.

Shekarar da ya auro ta, Suwaiba ta zo da keken hannu da gwangwanin biskit cike da allurai. Mace ce da ba ta san zaman banza ba, kowane lokaci na shekara da aikinsa. Da bazara ta saƙa mafici na kaba ta bi bakinsa da ulu ja da kore. Hadari na fara haɗuwa za ta farke buhunan taki, ta wanke su fes, ta haɗa labulen ƙofa mai tare feshin ruwa. Da kaka sai faya-fayai. Amma gwanintarta tana ga bargon sanyi: duk guntun atamfa da ya rage, ko bai kai tafin hannu ba, sai ta adana a buhu, in ya taru ta jera su gida-gida, ta sa tsohon zani a ciki ta ɗinke. Ƙarar keken nan ita ce kiɗan gidan. Da ita aka yi goyon yara duka.

Kuma duk abin da ta yi, na farkon na Inna ne, mahaifiyar Mani, can Ketare.

"Malam, ka kai wa Inna," haka take cewa, ta miƙo masa a ƙunshe.

Ranar farko faifai ne. Allah Ya sani ya tafi da niyyar faɗin gaskiya. To amma kafin ya buɗe baki Inna ta kwance ƙunshin a gaban yayyensa, ta juya faifan, ta dube shi.

"Kai auta, ka iya zaɓen kaya. Ina ka samo wanga?"

Mani ya ji yabon ya sauka har tafin ƙafarsa. Ya gyara hula.

"Sawa na yi aka yi maki musamman, Inna. A Pauwa. Wata Hajiya Nana."

Shi kansa bai san inda sunan ya fito ba. Ya ce baɗi zai gyara. Baɗi ta zo da mafici, Inna ta sake yabo, ya ga ai rashin tausayi ne a katse wa tsohuwa jin daɗi. A hankali Hajiya Nana ta yi tarihi: mijinta ya rasu, ta je Makka sau biyu, ba ta son baƙi, kuma ba ta yi wa kowa aiki sai Mani, saboda ta ce shi kaɗai ya san darajar ɗinki. In ya dawo gida kuma ya ce wa Suwaiba, "Inna ta ce Allah Ya yi albarka." Ita ma ta yi murmushi ta ƙara masa nama.

Kunya ce ta riƙe masa asirin. Suwaiba ba ta haɗa ido da surukarta, daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe ta, kuma wace 'yar mutunci ce za ta ce, "Inna, kin ga saƙona?" Ai gori ke nan. Inna ma ba za ta buɗi baki ta ce wa matar ɗanta ba ta taɓa aiko mata ko tsinke ba. Sai dai ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta kau da kai. Suwaiba ta yi ta haƙuri, tana ƙara kyautata ɗinki, ko wata rana Inna za ta sake mata fuska.

Sai ranar Laraba. Inna ta zo shirin biki tare da babbar ɗiyarta, Yaya Amatullah ta Sabuwa, wadda ba ta san wata kunya ba. Suka tarar Suwaiba ta baje yadi a tabarma tana yankan rigunan filo na ɗakin amarya.

"A'a, Suwaiba, ajiye almakashin nan kada ki ɓata wa yarinya yadi," in ji Yaya Amatullah. "Jeren amarya ba wurin koyo ba ne. Mani, ka kai wa matar nan ta Pauwa."

Mani ya ji wani tari ya taso masa.

"Wace mata?" Suwaiba ta tambaya a hankali.

"Wadda ke yi wa Inna hidimar da wasu suka kasa. Inna, nuna mata bargon, ta ga yadda masu hannu ke aiki."

Inna ta jawo bargon da ba ta tafiya ko'ina sai da shi, ta warware. Rukayya ta dafe ƙirji.

"Wannan ai ɗinkin Mama ne. Wallahi a gabana ta yi shi, ina firamare, ni na riƙa miƙo mata ƙyallayen."

Suwaiba ba ta dubi kowa ba sai mijinta, shi kuwa ya ga wata kaza da ke buƙatar kora da gaggawa. Hawaye na zuba Suwaiba ta naɗe yadin, ta durƙusa ta yi wa Inna sallama, kafin la'asar tana motar Faskari. Inna ma ta koma Ketare.

Yana cikin kokawa da allurar nan ne ya ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Inna ce ta shigo tana dogara sanda, bargo a hammata.

"Tashi, auta. Faskari za mu, tun da rana a sama."

"Inna, ke da kanki? Ai biko aikin maza ne, zan aika..."

"Ka gama aike a gidan nan. Sa hularka."

A Faskari wan Suwaiba, Alhaji Audi, ya fito da shirin faɗa, amma da ya ga tsohuwa mai shekara tamanin ta sha wannan hanya, sai ya cire takalmi ya yi mata iso har ɗaki. Suwaiba ta zube a bakin ƙofa kamar kullum.

"Matso nan, ɗiyata," in ji Inna. Ta shimfiɗa bargon a cinyoyinsu su biyu. "Yau ba kunya. Gaya mani, wanga kore na mine ne?"

Suwaiba ta shafa ƙyallen.

"Na lefena ne, Inna. Shi na ɗaura ranar da aka kawo ni gaishe ki."

"Wanga mai ƙuna a gefe fa?"

"Zanin sunan Rukayya. Gawayi ya faɗo daga dutsen guga." Ta taɓa wani fari mai ratsi, ta yi ɗan murmushi cikin kuka. "Wannan kuwa rigar Malam ce, wadda yake zuwa zance da ita. Kullum ita ɗai, sai ya canza hula ya ce sabuwa ce."

"Riguna biyu ne iri ɗaya," in ji Mani daga bakin ƙofa. Ba wanda ya juyo.

"Shekara goma sha ɗaya ina lulluɓa da aurenki," in ji Inna, "ina sa wa wata albarka, ke ina ɗaure maki fuska. Mi ya hana ki magana?"

"Ba yabo nake nema ba, Inna. Na ɗauka ni ce ba kya so, kayan kuma kina karɓa don kara."

Inna ta share ido da bakin gyale, ta riƙe hannun Suwaiba, ta shafa yatsun da suka yi kanta saboda allura.

"Duk addu'ar da na yi wa Nana, Allah Ya san mai ita, bai kai Pauwa ba. Ki yafe mani, ki zo ki jera wa ɗiyarki ɗaki. Wancan kuma ki bar ni da shi."

Suwaiba ta ɗaga kai ta dubi mijinta.

"Malam, tambaya ɗaya. Wane laifi na yi maka?"

Mani ya cire hularsa. Ya zame daga tsaye ya tsuguna.

"Babu, Suwaiba. Ke kika yi aiki, Inna ta yi godiya, ni na tsaya a tsakani na cinye duka biyun. Yabon ne ya yi mani daɗi."

Ta kalle shi, sannan ta ce wa matar wanta a miƙo mata gyalenta.

Ranar jere Inna ta zauna a bakin gadon amarya, duk wadda ta yaba labule ko rigar filo sai ta ce, "Aikin ɗiyata Suwaiba ne," Yaya Amatullah na gefe tana roƙon a yi mata irinsa. To 'yan mata da samari, ku riƙe wannan: haƙuri ba ya ɓata, kuma in an ba ku alheri ku kai, ku kai shi da sunan mai shi. Malam Mani dai har yau yana cewa an zalunce shi, amma in ka matsa masa ya faɗi azzalumin, sai ya waiga ya ga ba kowa kusa, ya nuna ƙirjinsa.