Ƙofar Kicin a Layin Heron

Direban motar share dusar ƙanƙara ne ya kira caji ofis na Port Aldwin da safiyar Litinin. Ya ce akwai wata jar mota a Layin Heron da ƙanƙara ta binne har tagogi, ya danna hon ya gaji babu wanda ya leƙo, shi kuma ba zai sauka a layin nan ba ko za a kore shi daga aiki.

Sufeto Lorne Babineau ya ajiye kofin da yake sha, ya ɗauki Sajan Orla Kinnear suka tafi.

Layin Heron yana can bayan gari, inda kwalta ta ƙare a bakin teku. Gidaje ne sababbi da aka gina da tallafin gwamnatin lardi, don tsofaffi da naƙasassu da waɗanda suka daɗe ba su da muhalli. Da bazara aka buɗe su, har da kiɗa da 'yan jarida.

Hazon teku ya lulluɓe layin. Kowane gida da labule, kowace taga da fitila a kunne duk da gari ya waye. Ga keken guragu a wata baranda, ga tukunyar fure a wata. Amma babu bututun da ke fitar da hayaƙi, babu sawun mutum ko na kare a kan ƙanƙarar. Ko tsuntsu ba ya kuka.

Sajan Kinnear ta duba lambar motar. Ta Yvette Caissie ce, 'yar majalisar lardi, mamba a kwamitin da ke bin diddigin kuɗin da gwamnati ke kashewa. Mijinta ya ba da cigiyarta tun ranar Lahadi.

Gidan da motar take gabansa a buɗe yake. A jikin ƙofar an rubuta sunan mai gida, Philomène Doiron. Sufeto ya yi sallama ya shiga. Sanyin ciki ya fi na waje. An jera faranti a tebur kamar yanzu za a zauna cin abinci, amma ƙura ta kwanta a cikinsu. Ya murɗa famfo, ko ɗigo. Ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ga ba a ma haɗa bututun ruwa ba. Fitilun kuwa wata 'yar na'ura ce ke kunna su tana kashewa.

A kusurwar kicin akwai ƙofar sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, an zura mata sakata ta waje. Ya zare ya buɗe, har ya ɗaga ƙafa Sajan ta riƙe masa riga. Ta haska tocila. Babu matakala. Daga dokin ƙofa sai rami mai zurfi, siminti tsura.

Yvette Caissie tana kwance a ƙasan, idonta a buɗe, tana kallon ƙofar.

"Faɗawa ta yi, yallaɓai?" in ji Sajan a hankali.

"Wanda ya faɗa rami ba ya dawowa ya sa sakata."

Ya ba da umarni kada a faɗa wa kowa inda aka same ta, ko maganar matakala. 'Yan jarida a ce musu an tsinci gawarta a ɗaya daga cikin gidajen, ana bincike.

Ɗan kwangilar da ya yi ginin, Murdock Tait, suka samu a gidansa, ƙafarsa cikin filasta har gwiwa. Bai jima da fitowa daga asibiti ba. Da fari ya ce gidaje kammalallu ne, masu su ne suka tafi wajen 'yan uwa saboda sanyi.

"Dukansu rana ɗaya?" in ji Sufeto. "Har mai keken guragu, ya tafi ya bar kekensa?"

Tait ya shafa gemu. Ya ce to, akwai ɗan abin da ya rage.

"Ruwa ya rage. Injin ɗumama gida ya rage. Matakala ta rage. Me ka gina, Tait, gida ko kwali?"

Mutumin ya yi gumi duk da sanyin falon. Ya rantse shi ba mai kisa ba ne. Ya ce bayan bikin buɗewa shi da kansa ya bi gida-gida ya kafa katako da ƙusa a kan kowace ƙofar ɗakin ƙasa, don kada yara su shiga wasa su halaka.

Sufeto ya dubi Sajan. A gidan da suka shiga babu katako.

"Wa ke da makulli bayan kai?"

"Ni kaɗai."

"Ƙofar gaba ba a ɓalle ta ba, kai kuma kana gadon asibiti ranar Asabar. Wa ke da makulli?"

Tait ya kalli filastar ƙafarsa ya ce yana so ya ga lauyansa.

Sajan ta koma layin ta duba. Duk sauran gidajen katakonsu na nan daram. Na gidan Philomène ta same shi a bayan gidan cikin ƙanƙara, ƙusoshin sun lanƙwashe, ramukansu sababbi fil. Wani ya zo ya ɓanɓare shi tun kafin Yvette ta iso.

Washegari suka nufi babban birnin lardi. A majalisa an sauke tuta rabi, an ɗora furanni a kujerar marigayiya. Shugaban kwamitin, Carvell Hovey, ya tarbe su a ofishinsa. Dattijo ne mai furfura da taushin murya, wanda kowa ke cewa ya san sunan kowace tsohuwa a mazaɓarsa.

Ya ce ranar Alhamis kwamiti zai zauna kan tallafin gidaje, kuma Yvette ce ta nace a sa Layin Heron a ciki. Ta yi ta tambayar ma'aikatar gidaje me ya sa masu neman muhalli ba su ragu ba alhali an ce an raba gidaje. Ya ce mace ce mai taurin kai, amma yana ƙaunarta kamar 'yarsa.

"Ka taɓa zuwa layin, ranka ya daɗe?"

"Sau ɗaya, ranar buɗewa. Na ga tsofaffi a gidajensu da idona, shi ya sa na shaida wa majalisa aiki ya kammala. Ashe an rufe ni ne."

"Ka shiga ciki?"

"Iyakata baranda. Almakashi aka ba ni, ba tsintsiya ba."

Ya yi 'yar dariya, shi kaɗai. Ranar Asabar kuwa, ya ce yana gida da mura.

Sufeto ya tashi zai fita sai ya tsaya gaban wani hoto a bango. Hovey ne riƙe da hannun wata 'yar tsohuwa mai farin gashi, tana ɗaga makulli. A bayansu ana iya karanta sunan da ke jikin ƙofa. Ya tambaya ina tsohuwar take yanzu. Hovey ya ce bai ma tuna ta ba, mutane ne da yawa ranar.

Ba ta yi wuyar samu ba. Tana wani tsohon otal a bakin babbar hanya, inda ake ajiye waɗanda ke jiran gida. Ɗaki ɗaya, gado, murhun lantarki, da akwatuna a ɗaure kamar mai shirin tafiya gobe. Philomène Doiron ta haura tamanin, amma idonta garau.

Ta zuba musu shayi ba tare da ta tambaya ba, ta ce Sufeto ya rame, matarsa ba ta iya miyar kifi ba ne? Ya ce ba shi da mata. Ta ce ai ga dalili nan.

Sannan ta ba su labarin ranar buɗewa. An kwashe su a bas daga otal ɗin, aka gyara mata gashi, aka miƙa mata makulli, aka ɗauki hoto. Da yamma aka karɓe makullin aka ce sai an ƙarasa fenti. Tun lokacin ba ta kwance kayanta ba.

"Kin shiga gidan, Kaka?"

"Gidana ne, ɗana, ya ba zan shiga ba? Na so in ga ɗakin ƙasa, ko zai yi ajiyar dankali. Na kama ƙofar ke nan wani ya damƙe min hannu, har sai da wurin ya yi shati."

"Wa?"

"Mai furfurar nan na cikin hoto. Ya ce, Kaka kar ki buɗe, babu komai a bayanta sai rami. Sannan ya ja ni waje muka yi wa kyamara murmushi."

Ta ce Yvette ta zo nan ranar Juma'a, ta zauna a bakin gadon nan, ta ji wannan labarin. A gabanta ta buga wa mutumin waya, ta ce masa ranar Alhamis za ta kawo Kaka gaban kwamiti. Da ta ajiye wayar ta ce ya roƙe ta su haɗu a layin ranar Asabar, zai nuna mata da kansa cewa an gyara komai.

Tsohuwar ta dubi akwatunanta. Ta ce tun da aka faɗi mutuwar Yvette a rediyo take mafarkin wani yana ƙwanƙwasa daɓe daga ƙasa.

A mota Sajan ta ce lauya zai yi kaca-kaca da maganar tsohuwa a kotu, zai ce ta ruɗe. Sufeto ya yarda. Ya ce ta nemo izinin alƙali na binciken motar Hovey, shi kuma zai gayyaci shugaban kwamiti ya zo ya ga layin kafin zamansu.

Hovey ya zo ranar Laraba da hantsi, cikin baƙar rigar sanyi. Hazon bai ɗaga ba. Fitilun suna nan a kunne a tagogi, labulaye ba sa motsi. Yana tafe yana kauce wa kallon gidan Philomène, ko da yake babu wata alamar 'yan sanda a jikinsa.

Sufeto ya kai shi gidan da ke maƙwabtaka, wanda ya sa aka cire katakonsa tun da safe. Suka zaga falo, suka shiga kicin. Ya ce yana so shugaba ya ga injin ɗumama gida da idonsa, don ya samu abin faɗa wa majalisa. Ya buɗe ƙofar ɗakin ƙasa. Duhu ne kawai, da wani sanyi mai warin siminti da ya taso.

"Bismillah, ranka ya daɗe. Shige gaba, ina biye da tocila."

Hovey bai motsa ba.

"Kai ne babba." Sufeto ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ɗorawa kawai.

Dattijon ya yi baya da ƙarfi har ya bugi tebur, faranti suka zube. "Kana so ka kashe ni? Babu matakala a nan."

"Wa ya faɗa maka? Iyakarka baranda."

Ya ce a jarida ya gani. Sufeto ya ce babu jaridar da ta sani. Ya ce to Tait ne. Sufeto ya ce Tait yana hannunsu, kuma da asuba ya faɗi wanda ya bai wa makulli na biyu.

Sai ga Sajan ta shigo riƙe da leda. A ciki ƙarfen cire ƙusa ne da ta samu a but ɗin motar Hovey, da ɓurɓushin farin fenti a bakinsa irin na ƙofar.

Hovey ya ja kujera ya zauna a teburin da ba a taɓa cin abinci a kansa ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar da ke buɗe kafin ya ce a rufe ta. Babu wanda ya rufe.

Ya fara magana da muryar nan tasa mai taushi. Ya ce shi ya samo wa Tait kwangilar, rabin tallafin kuma shi ya ɗauki nauyin yaƙin zaɓensa. Niyyarsa a ƙarasa ginin a shekara mai zuwa ba wanda ya sani. Ya roƙi Yvette ta ɗaga maganar zuwa bazara, ta ƙi. Ranar Asabar ya riga ta zuwa ya cire katakon. Da ta iso ya ce mata an sa injin, an sa matakala, ta sauka ta gani. Ta yarda da shi, domin shi ya koya mata aikin majalisa.

"Ban tura ta ba," in ji shi. "Ƙofa kawai na buɗe mata."

"Sakatar fa?"

Ya runtse ido. Ya ce ta kira sunansa daga ƙasa. Ba ihu ta yi ba, kira ne kawai, kamar tana zaton kuskure ne, zai je ya nemo taimako. Ya kasa jurewa, ya rufe don kada ya ji. Ya fito ya tuƙa motarsa, dusar ƙanƙara ta fara sauka yana hanya.

Sufeto ya sanar da shi an kama shi da laifin kisan Yvette Caissie, ya faɗa masa haƙƙinsa. Sajan ta sa masa ankwa. Bai yi gardama ba.

Sun kai bakin motar 'yan sanda ya tsaya, ya juyo.

"Sufeto, ta daɗe?"

"Faɗuwar, ƙugu kawai ta karya mata. Likita ya ce sanyi ne ya kashe ta, kuma ta kai wayewar garin Lahadi."

Sajan ta dafa kan Hovey ta sa shi a kujerar baya, ta rufe ƙofa.